Babban otal ko meble? Amsa ga Adda kan hutun Kiribi

Adda sannu da gida, ya yaran? Na ga tambayarki cewa Alhaji ya bar miki zaɓi, ko dai kwana 3 a babban otal na bakin teku a Kiribi, can kudancin Kamaru, irin mai komai da ruwanka, ko kwana 7 a meble, wato gidan haya na 'yan kwanaki mai kayan ɗaki da kicin, kuɗin kusan ɗaya ne, ku biyu da yara huɗu a hutun Disamba. Toh ni dai tun farko bari in faɗa miki otal ɗin zan ce, amma ba don abubuwan da suke jerawa a hoto ba, kuma akwai wuraren da meble ya fi shi nesa ba kusa ba, sai ki karanta ki auna da yanayin gidanki.

Ki fara lissafi da hanya tukuna. Daga Garwa sai kun sha mota zuwa Ngaundere, ku shiga jirgin ƙasa da yamma ku kwana a ciki, gari ya waye muku a Yawunde, sannan wata motar ta bi da ku ta Edeya har Kiribi. Kusan kwana biyu zuwa kwana biyu dawowa kenan. Duk wanda ya ce miki wannan doguwar tafiya ta fi ƙarfin kwana 3 wallahi yana da hujja, kuma ita ce babbar hujjar meble. Amma ki tuna da halin da za ki isa, ƙafa a kumbure, autan yana kuka, kaya sun yi datti. A otal makulli kawai za ki karɓa a resepsiyo, yaro ya ɗauki jakunkuna, ki tarar da gado a gyare da tawul da ruwan zafi. A meble kuwa kafin ki zauna sai an tambayi ina kasuwa take, akwai gaz a kwalbar ko babu, me yara za su ci yau da dare.

Nan ne maganata take gaba ɗaya Adda. Maza idan suna wannan lissafin suna cewa meble ya fi sauƙi saboda za a dafa abinci a gida, amma ba su cika faɗin wa zai dafa ba. Ke ce. Kwana 7 sau uku a rana, a kicin ɗin da ba naki ba, tukwane ƙanana da aka saya don mutum biyu, wuƙa ba kaifi, babu turmi babu muciya, kuma ba ki san me aka dafa a tukunyar kafin zuwanki ba don haka sai kin wanke ta kin sake wankewa kafin ranki ya kwanta. Su suna bakin ruwa ke kina fere fulanten, ayabar nan ta dafuwa. Mace da ke tsaye a kan murhu shekara ta zagayo tun daga kunun safe har tuwon dare, idan aka ce hutu to ita ma a bar ta ta huta, a kawo mata abinci a faranti ta ci ta tashi ba ta waiwayi wanke-wanke ba. A wurina wannan shi ne abu mafi tsada da otal yake sayarwa, ba wanda yake rubuta shi a talla, kuma shi kaɗai ya isa ya sa in zaɓi kwana 3 a kan 7.

Amma fa abincin otal yana da nasa lura. Karin safe yawanci a shimfiɗe yake kowa ya ɗiba, burodi, bota, ƙwai, shayi da madara, abarba da gwanda da kankana, yara suna jin daɗinsa sosai. Sai dai a teburin nan za ki ga yankakken nama ja siriri a jere kusa da cuku, mafi yawa naman alade ne, ki nuna wa yaran tun ranar farko su sani, kuma idan za a soya muku ƙwai ki ce a yi shi zalla a kasko mai tsabta, ba sa jin haushi, sun saba da baƙi 'yan arewa. Kaza da naman sa ki tambayi daga ina suke saye, idan amsar ba ta gamsar da ke ba ki bar su, Kiribi garin kifi ne ba za ku rasa abin ci ba, ga jatan lande ga kifin teku iri-iri.

Kada Alhaji ya biya tsarin cin abinci sau uku, ya ɗauki na safe da dare kawai wanda suke kira demi pansiyo. Da rana ai ba kwa nan. Rana ɗaya kuna Lobe, wajen kilomita 7 kudu da gari, inda kogin yake zubowa daga kan duwatsu kai tsaye cikin teku, ku shiga kwalekwale ku ci jatan lande a can. Wata ranar kuna Mboa Manga inda masunta suke sauke kifi, ki zaɓi naki ki yi ciniki ki miƙa wa matan da ke gashi a wurin su gasa miki a gabanki su haɗa da bobolo, wato rogon da ake dafawa a ganye, ko fulanten da yaji, ya fi na otal araha kuma ni a bakina ya fi shi daɗi. Abincin ranar da aka biya a otal ba a ci ba ba a mayar da kuɗinsa. Abu ɗaya da meble ya fi a nan shi ne yaranmu, bayan kwana biyu za su fara neman tuwo da miyar kuka ko ta folere, otal kuwa ba shi da su. Na kwana 3 za su jure, ki sa musu kilishi da ɗan garin kunu a jaka ki nemi ruwan zafi a kicin.

Yanzu abubuwan da ke cikin hoton. Akwai mashaya, akwai ɗakin motsa jiki, akwai wurin tausa, wasu har da wurin rawa, duk kuɗinsu yana cikin kuɗin ɗakin ko kin shiga ko ba ki shiga ba, kuma ni da ke mun san ba shiga za mu yi ba. Wannan asara ce, ba zan ɓoye miki ba. Abin da ya rage mai amfani shi ne pisin, wato kwamin iyo na otal, amma ga yara. Yaran da iyakar saninsu Binuwai ce lokacin rani, ba su san yadda teku take ba, igiyar tana zuwa ta bugi ƙafa sannan ta ja yashin da ke ƙarƙashinka ta koma da shi, babba ma sai ya yi tangaɗi. A pisin kina ganin ƙasan ruwan, akwai ɓangaren ƙanana, kina zaune a inuwa idonki a kansu. Ki tambaya ko akwai mai tsaron ruwa don ba ko'ina ake da shi ba, kuma ko akwai kada ki bar su su kaɗai ko na minti ɗaya ne. Ke kanki kuma pisin ɗin maza da mata a haɗe ne, da rana shigar mutane ba irin tamu ba ce, idan kina so ki tsoma ƙafa ki fito da sassafe bayan asuba lokacin wurin fayau yake, bakin tekun ma haka. Idan kuka zaɓi meble ba ku rasa wannan gaba ɗaya ba, otal da yawa suna barin na waje ya biya kuɗin shiga pisin na wuni, amma yara huɗu kullum ga kuɗin moto zuwa da dawowa, ki lissafa ki ga inda arahar ta tafi.

Maganar mashayar nan kuma ki riƙe ta da kyau tunda ƙarshen shekara ne, lokacin Nowel da sabuwar shekara mutanen Duwala da Yawunde suna cika garin, kiɗa har asuba. Ki sa Alhaji ya ce a ba ku ɗaki nesa da mashaya da pisin tun wajen kama ɗakin, ba sai kun isa ba.

Wuta da ruwa, otal ya ci. Babban otal yana da janareta mai tashi da kansa da zarar an ɗauke kuran, da rijiyar burtsatse da tanki. Meble wani yana da su wani babu, kuma mai shi zai ce miki ai ba a cika ɗaukewa ba. Kar ki ce ku mutanen Garwa ne da kuka saba da zafin Afirilu mai wuce digiri 40, na Kiribi daban ne, ba ya ƙuna amma jiki yana danƙo, zufa ba ta bushewa, idan klim, wato na'urar sanyaya ɗaki, ya mutu da dare ki buɗe taga sauro ya shigo ki rufe ki rasa iska. Ki tafi da gidan sauro na yara ko ina kuka sauka. A meble ki tambaya kuma ko mitar mai kati ce kuma wa yake saka mata kuɗi, don wasu masu gida kuɗin wuta daban suke sawa, klim biyu kwana 7 ba ƙaramin ci suke yi ba.

Inda meble ya yi wa otal fintinkau shi ne sarari da sirri. Ku shida ba za a bar ku a ɗaki ɗaya ba, ɗaki biyu ne dole, kuma idan ba masu ƙofa a tsakani ba ne to ko dai yara su kwana su kaɗai ko ke da Alhaji ku rabu kowa ya ɗauki biyu. Duk fitar da za ki yi ko da zuwa ƙofar maƙwabta ce sai kin yafa mayafi saboda baranda ta kowa ce. A meble ga falo ga ɗakuna biyu ga firigo, ki cire ɗankwali ki miƙe ƙafa, Alhaji ya ja ku sallah a falo, yara su yi ihunsu ba mai ƙwanƙwasa muku bango. Wanki ma haka, otal kowace riga da kuɗinta kuma ba inda za ki yi shanya, a meble kina da bokiti da igiya, sai dai kar ki sa ran bushewar Garwa inda kike shanya atamfa kafin ki gama sauran ta bushe, a can kaya suna iya wuni su kwana da laima.

Buta da darduma ki sa a kaya ko wanne kika zaɓa, banɗakunan can takarda kawai suke ajiyewa. Alƙibla kuma ba wuya, tekun tana yamma, rana a cikinta take faɗuwa, ki ba ta baya ki ɗan karkata hagu, sannan ki tabbatar da wayarki.

Sai kuɗin da ba a faɗa a baki. A otal ki ce Alhaji ya tambaya farashin nan da haraji a ciki ne ko babu, don TVA, wato harajin da ake ɗorawa a kan kuɗin saye, a Kamaru kashi 19.25 ne cikin ɗari, a ɗaki biyu kwana 3 ba wasa ba ne, ga kuma harajin kwana da aka fara karɓa a 2017 wanda yake hawa da yawan taurarin otal. Ƙaramin firigon da ke ɗaki mai lemo da biskit ba kyauta ba ne, ki ce a kwashe su kafin yara su gani, ki sayi katan ɗin ruwa a kanti ki zuba. Ranar tafiya yawanci sha biyun rana ake sakin ɗaki, idan aka wuce suna iya ƙara kuɗi. A meble kuma akwai kuɗin ajiya da ake riƙewa har sai an duba ba a fasa komai ba, ki ɗauki hoton kofuna da kujeru da talabijin ranar da kuka shiga. Abin da ya fi ba ni tsoro da meble shi ne masu saka hoton gidan da ba nasu ba su ce a tura rabin kuɗi ta Orange Money ko MoMo, mutum ya iso da iyali bayan tafiyar kwana biyu ya tarar lambar a kashe, garin kuma a cike ba ɗaki. Idan meble ne to a yi kiran bidiyo mutumin ya zagaya da ku cikin gidan ya kunna famfo ya kunna klim kuna gani, ko a sa wani ɗan'uwa na can ya je da ƙafarsa, 'yan arewa masu tsire da masu shago ba sa ƙaranci a garin.

Abin da zai sa in canza magana shi ne idan da wata babba za ku tafi, ƙanwarki ko babbar 'yarki da ta iya girki, ku raba aikin, kuma Alhaji ya yarda tun daga gida cewa abincin rana a waje za a ci kullum. In haka ne meble na kwana 7 ya yi, yara za su ƙoshi da teku. In kuwa ke kaɗai ce a kan yara huɗu, ki ɗauki otal kar ki ji nauyi.

Kuma kwana 3 ɗin ma ana iya jan sa. Ɗaki mai kallon teku ya fi mai kallon lambu tsada alhali gado ɗaya ne klim ɗaya ne, tekun kuma taku kaɗan ne daga ƙofa, ku ɗauki na lambu, ku sauke abincin rana, abin da ya ragu sau da yawa yana kusa da kuɗin kwana na huɗu. Idan za ku iya isa kafin 24 ga wata ku bar garin kafin cikowar mutane ya fi, kuma a kama ɗakin tun yanzu. Ki faɗa min shekarun ƙananan biyun, don otal da yawa ba sa karɓar kuɗin gado da na karin safe ga ƙaramin yaro amma kowanne da shekarun da yake tsayawa, sai Alhaji ya tambaya ya sa su rubuto masa a saƙo kafin ya tura ko sefa ɗaya.