Rumfar gyaran keke ta wajen Kasuwar Dole: sai an auna sarƙa ake maganar kuɗi

Masu gyaran keke ba su da wuyar samu a Damagaram. Daga Birni har Zango har Sabon Gari, kowace unguwa da nata, amma akasarinsu faci suka iya, da ɗaure birki, da miƙe ƙafar da ta lanƙwashe. Kai musu keken hawan dutse mai giya, irin VTT ɗin nan na gwanjo da ke shigo mana daga Turai, ka ce sarƙa tana tsalle, magani biyu ne za ka samu. Ko su bulbule ta da baƙin man da aka juye daga injin babur, ko su kwance na'urar sauya giya ɗungurungum, su rage tsawon sarƙar, su mayar maka da shi keke mai giya ɗaya. Rumfar da zan yi magana a kanta ba ta cikin waɗannan. Tana nan wajen Kasuwar Dole, kusa da masu gyaran babura, ba ta da allo ba ta da suna. Mai ita dattijo ne mai ɗan gajeren haƙuri, kowa Baba yake ce masa, yana da yaro ɗaya da ke koyon aiki.

Kekena mai giya 8 ne a baya, faranti 3 a gaba, kayan Shimano. Da shi nake zuwa makarantar da nake koyarwa, ranar hutu kuma nakan kama hanyar Mirya, wajen kilomita 18 daga gari, wani lokaci in sauka daga kwalta in bi ta tsakanin duwatsu da gonaki. Abin da ya kai ni rumfar shi ne, duk sanda na danna feda da ƙarfi, wajen tashi ko wajen hawa tudu, sai in ji kas, ƙafata ta zame ƙasa. Ga kuma wata ƙara da na kasa gane inda take fitowa.

Baba bai taɓa sufana ba tukuna. Ya rataye keken a igiyar da ya ɗaure jikin azarar rumfa, ya ɗauko wani siririn ƙarfe mai baki biyu, an rubuta 0.5 a gefe ɗaya, 0.75 a ɗayan. Ya saƙala bakin 0.75 a tsakanin ƴaƴan sarƙa, sai ya faɗa ciki har ƙasa ba tare da ya danna ba. Bai tsaya nan ba, ya kawo ma'aunin ƙarfe ya sake gwadawa a gabana, domin in gani da idona. Kowace sarƙar keke, daga ƙusa zuwa ƙusa rabin inci ne, wato milimita 12.7, saboda haka idan ka ƙirga tazara 24 za ka samu milimita 304.8 cif a sabuwar sarƙa. Idan ta kai wajen 306, ta ci rabin kashi ɗaya cikin ɗari. Idan ta kai 307, wato 0.75 ɗin nan na jikin ƙarfen awo, lokacin canji ya yi ga keke irin nawa. Tawa tana neman 308.

"Malam, wannan ai ta gama aikinta tun bara," in ji shi.

Na ce, "Baba, ƙarfe ne fa, yaya za a yi ya miƙe?"

Sai ya cire ƙusa ɗaya daga wata tsohuwar sarƙa da ke cikin kwano ya ɗora mini a tafin hannu. Tsakiyar ƙusar ya cinye ta gefe guda, har farce yana makalewa a wurin. Ba miƙewa sarƙa take yi ba. Ƙusoshin ne da ramukan da suke juyawa a ciki suke cinyewa, kowace gaɓa ta samu ɗan wasa, wasan gaɓoɓi fiye da ɗari kuwa idan ya taru sai tsawon ya ƙaru. Daga nan sarƙar ba ta zama daidai a gindin haƙora, sai ta riƙa hawa samansu tana gwaguyarsu. Ya nuna mini haƙoran baya. Manyan suna nan da kyaunsu, amma ƙananan nan biyu, mai haƙora 11 da mai 13, sun yi tsini sun karkata gefe ɗaya. Su ne na fi hawa a kwalta, kuma da yake haƙoransu kaɗan ne, nauyin yana taruwa a kan ƴan ƙalilan.

A nan ne na fara yarda da mutumin. Da ya sa mini sabuwar sarƙa kawai ya karɓi kuɗinsa, da na tafi ina murna, kafin in kai gida tsallen ya ninka, domin sabuwar sarƙa ba ta kama haƙoran da tsohuwa ta riga ta sassaƙe. Ya faɗa mini tun kafin in tambaya cewa sarƙa da haƙoran baya tare za su tafi, farantin tsakiya na gaba kuma zai ɗan ƙara lokaci, kada in kashe kuɗi a kansa yanzu. Mai gyaran da zai ce maka kada ka saya, alhali yana da abin rataye a rumfarsa, ba kullum ake gamuwa da shi ba.

Wajen neman ƙara kuwa, nan ya fi burge ni, kuma nan ne ya fi cin lokaci. Tambayoyi ya jero mini kamar likita. Ƙarar tana nan idan na daina taka feda keken yana gangarawa? Idan tana nan, ba sarƙa ba ce, a duba ƙafa da birki. Tana ɓacewa idan na miƙe tsaye a kan feda? To a duba sirdi da sandarsa. Tana zuwa sau ɗaya duk zagayen ƙafa, a wuri ɗaya? Wannan feda ce, ko hannun feda ya saki, ko boris ɗin tsakiya. Idan kuwa sai an yi zagaye uku ko huɗu sannan ka ji tak, gaɓa ɗaya ce ta ƙage a sarƙa. Dalilin a fili yake: sarƙa mai gaɓa 114 a kan faranti mai haƙora 32, sai feda ta zagaya kusan sau uku da rabi kafin gaɓar ta dawo wurin da ta yi ƙarar. Yana gano irin wannan ta juya feda baya a hankali yana kallon ƙananan tayoyin nan biyu na na'urar sauya giya, inda gaɓar da ta ƙage za ta sa su zabura. Tsuwa irin ta ƴan tsaki kuwa, wannan kowa ya san ta, sarƙa ce ta bushe.

Tawa ƙarar ba ta cikin waɗannan. Kacar-kacar ce da ke zuwa a wasu giyoyi kawai. Ya tsuguna a bayan keken ya kanne ido ɗaya, ya ce in zo in duba. Kamata ya yi ƙananan tayoyin nan biyu su sauka miƙe a ƙarƙashin haƙorin da sarƙa take kai, nawa sun karkata ciki wajen ƙafa. Ɗan kunnen da na'urar ke rataye a jikinsa ne ya lanƙwashe. Da gangan ake yin sa da ƙarfe mai taushi, domin idan keke ya faɗi ta dama shi ya lanƙwashe a maimakon gangar jikin keken, kuma a farfajiyar makarantarmu yara ba sa raga wa abin da aka jingine. Baba ya ce idan aka bar shi haka, wata rana ka sa babbar giya ta baya, na'urar ta shige cikin wayoyin ƙafa, a yi asarar duka biyun. Ya kwance na'urar, ya miƙe kunnen kaɗan kaɗan yana dubawa, bai yi masa fizga ɗaya ba, don irin wannan ƙarfen karyewa yake idan an matsa masa. Sannan ya daidaita ƴan kusoshin nan biyu masu alamar H da L da ke hana sarƙa faɗuwa ta waje ko ta ciki, ya koma kan ɗan murfin da ke ƙara wa waya ƙarfi, yana juya shi rubu'i rubu'i yana saurare har ƙarar ta ɗauke.

Maganar mai ita ce inda ya saba da kowa a layin. Baƙin mai ba ya shiga rumfarsa. Hujjarsa ita ce man da ya gama aiki a inji ya riga ya cika da datti da garin ƙarfe, ga shi da danƙo, kuma garinmu garin yashi ne. Da hunturu ya kama, ƙura ta haɗu da wannan man, sai sarƙa ta koma dutsen niƙa, tana niƙe kanta tana niƙe haƙora. Ya kama tsohuwar sarƙata da yatsu biyu ya murɗa ta kusa da kunnena, na ji ƙasa tana ƙuras-ƙuras a cikin gaɓoɓin. Sarƙar da ke da sauran rai, cire ta yake ya jefa a gwangwanin kananzir ya girgiza, ya goge da tsohon burushin haƙori, ya shanya a rana har ta bushe sarai. Na leƙa gwangwanin bayan ya wanke ta wani ɗan makaranta, gindinsa baƙar laka ce mai ƙyalli. Wajen sa mai kuma ɗigo ɗaya yake yi wa kowace gaɓa ta gefen ciki, ya juya feda baya na ɗan lokaci, ya bari ya ratsa, sannan ya sa tsumma ya goge bayan sarƙar tas. A ciki ake buƙatar mai, wanda ya rage a waje ƙura kawai yake kira. Yana da man sarƙa mara danƙo a ƙaramar kwalba don rani, yana da mai ɗan kauri don damina. Na ji labarin masu keke a Turai da ke tsoma sarƙa cikin narkakken kakin kyandir don ƙura kada ta kama, kuma a ganina wannan dabarar ta fi dacewa da mu, amma da na kawo masa zancen sai ya ce shi ba mai toye-toye ba ne.

Ya kuma hana ni abu biyu. Na farko, kai keke wurin masu wankin mota su sa masa injin feshi, domin ƙarfin ruwan yana tura yashi cikin boris yana wanke giris. Na biyu, haɗa babban faranti na gaba da babban haƙori na baya, ko ƙarami da ƙarami, saboda sarƙar tana tafiya a karkace tana gogar ƙarfen gaba.

Sarƙar da ya sa mini KMC ce, irin wadda ke yi wa giya 6 da 7 da 8, mai ƴar mahaɗar da ake ɓallewa ba sai an bugi ƙusa ba. Ya ajiye ta kusa da wata da aka kawo masa daga kasuwa cikin kwali mai sunan babban kamfani, ya nuna mini yadda ta jabun take da wasa tun tana sabuwa, rubutun jikinta ma bai fito sosai ba. Kuɗin hannunsa jika 2 na biya ban da kaya. A layin akwai wanda zai karɓi rabin haka, kuma Baba ba ya ragi. Ni ban ga tsada ba, tunda yanzu ina hawan tudu a tsaye ba tare da tsoron feda ta yaudare ni ba, giya kuma tana shiga da taɓawa ɗaya.

Akwai abubuwan da ban ji daɗinsu ba. Jinkirinsa ya wuce misali. Keke ɗaya yake kamawa, ba ya duban na biyu sai ya gama, kuma ranar Alhamis da kasuwa ke ci, mutanen ƙauye sun cika wurin, ba a cewa komai. Bencin jira guda ne, bayan azahar rana a kansa take. Kayan giya 9 zuwa sama ba ya ajiye su, tunda sarƙarsu ta fi siranta kuma masu neman ta kaɗan ne, sai dai ya yi maka saƙo Kano, ranar zuwan kayan kuma Allah ne masani. Wani abokin aikina mai giya 10 ya gaji da jira har ya koma hawan kabu-kabu. Birkin mai da maƙogwaron gaba mai sifirin, wato ƙarfen da ke riƙe tayar gaba, ma ba ya taɓa su, zai ce maka ba fanninsa ba ne. Sannan bakinsa ba ya da linzami: idan ya ga sarƙarka da datti, a gaban jama'a zai yi maka faɗa, ko kai wane ne.

Yaron nasa kuma hannunsa bai faɗa ba tukuna. Na taɓa bar masa keken don wanki da mai lokacin da Baba ya tafi masallaci, na dawo na tarar da sarƙa tana ɗiga har a jikin taya. Da dattijon ya dawo ya gani, tsumma ya miƙa masa ya sa shi ya goge ta gaɓa bayan gaɓa, bai karɓi ko dala a hannuna ba. Duk da haka, wanda zai kai aikin giya ya tabbatar Baban ne da kansa zai yi.

Mai keke mai giya 8 zuwa ƙasa, musamman wanda ke bin hanyar yashi, ya je da sassafe ranar Litinin ko Talata, ya kuma riƙe a ransa a wace giya ƙarar take zuwa da kuma lokacin da take zuwa, don sai an tambaye shi. Awon sarƙa kyauta Baba yake yi. Ya ce mini in dawo da keken idan hunturu ya wuce a sake sa ma'auni, a lokacin ne zai duba ko farantin tsakiya zai kai damina.