Kafin ka sayi injin oksijin, fara auna mai ciwon

Baba ya sha maganin tarin fuka wata shida cur, bai tsallake ko kwana ɗaya ba. Aka gwada majinarsa aka ce cutar ta mutu, muka yi sadaka. Sai dai numfashin bai dawo ba. Daga gidanmu zuwa masallacin unguwa, nan Yelwa a Garwa, ba wata tafiya ba ce, amma sai ya tsaya sau biyu ya dafa katanga yana haki. Da hunturu ya kama, ƙurar nan da ke tasowa daga kwarin Bodele na Cadi ta rufe gari har ba a hango ƙetaren Binuwai, sai abin ya ƙaru. Wata rana da daddare Yaya ya bugo daga Duwala: "Ka nemo wa Baba injin oksijin gobe. Ko nawa ne zan turo."

Ban saya washegari ba. Mako uku na yi tsakanin shagunan kayan asibiti da ɗakin likita da karatu. Abin da na tarar shi ne kayan numfashi jeri gare su, mu kuwa daga ƙarshe muke farowa, daga mafi tsada.

Na farko a jerin shi ne ɗan ma'aunin da ake maƙalawa a yatsa, oksimita. Shi ke nuna yawan oksijin da ke cikin jini, kuma duk sayayyar da za ta biyo baya a kansa ta rataya, don haki daban, ƙarancin oksijin daban. Wani yana haki kamar ransa zai fita alhali jininsa cike yake, wani kuma yana zaune ana hira da shi, nasa ya faɗi ƙasa sosai. Lafiyayyen mutum yakan nuna kashi 95 cikin ɗari zuwa sama.

Akwai abin da ya shafe mu a kan wannan na'ura wanda ba a rubuta a jikin kwali. A Disamba 2020 likitocin Jami'ar Mishigan ta Amurka sun kwatanta abin da ma'aunin yatsa ya nuna da abin da gwajin jini na ainihi ya nuna. A inda ma'aunin ya ce 92 zuwa 96, kusan kashi 12 cikin ɗari na awon baƙaƙen fata ashe ƙasa da 88 yake, na fararen fata kuwa bai kai kashi 4 ba. Na'urar da haske take aiki, duhun fata kuma yana taɓa hasken, sai ta ƙara mana maki. Sai a Janairu 2025 hukumar FDA, mai kula da magunguna da kayan asibiti a Amurka, ta fitar da daftarin ƙa'idar da ke neman masu ƙera ta su gwada ta a kan fatu masu launi iri-iri. Wannan ba dalilin ƙin saye ba ne. Dalili ne na kada ka ga 92 ka koma barci idan mai ciwon ya canza maka. Ka zaɓi wadda ke nuna bugun jini yana hawa da sauka a fuskarta, ka tafi da ita asibiti ka gwada ta kusa da tasu. Da sanyin safiyar hunturu a murza hannu ya yi ɗumi tukuna, a jira lambar ta tsaya. Baƙin lalle da jan farce suna rikita ta. Ta manya ba ta zama a yatsan jariri, shi yaro numfashinsa ake ƙirgawa: ɗan wata 2 zuwa 11 in ya kai 50 a minti, ɗan shekara 1 zuwa 5 in ya kai 40, ko ƙasan ƙirjinsa yana lotsawa, asibiti za a nufa, ba shago ba.

Baba a zaune 94 ya nuna. Likita ya dubi hoton ƙirjin ya ce, "Baba, huhunku ya yi tabo, amma ba oksijin kuke buƙata ba." Zuciyata ba ta kwanta ba sai da na bi diddigin maganar. Bincike biyu na 1980 da 1981, ɗaya a Amurka ɗaya a Birtaniya, su suka tabbatar cewa oksijin na gida yana ƙara kwana ga masu toshewar hanyoyin iska, ciwon da likitocinmu ke rubutawa BPCO, amma ga waɗanda oksijinsu ya yi ƙasa ƙwarai. A ma'aunin yatsa wannan yakan zama 88 ko ƙasa, mutum yana zaune, ba a tsakiyar tashin ciwo ba. A 2016 aka gwada oksijin na gida a kan mutum 738 da nasu ya ɗan ragu kawai, kamar 89 zuwa 93. Bai ƙara musu kwana ba, bai rage kwanciya asibiti ba, bai sa sun fi jin daɗin jikinsu ba. Ga mai BPCO ma yawansa na iya cutarwa, shi ya sa ake tsayar da lambar ma'aunin tsakanin 88 da 92. Oksijin magani ne, likita ke faɗin lita nawa a minti.

Kuɗin Yaya a kan Gwaggonmu suka ƙare. Ta fi shekara arba'in tana suyar ƙosai a kan murhun itace, mun saba da tarinta har mun daina ji. Ma'aunin da na saya wa Baba na maƙala mata don gwaji, ya nuna 85. Aka sake aunawa a asibiti, haka. Ita aka rubuta wa lita 2 a minti.

A nan zaɓi biyu ne: tulu ko inji. Tulun oksijin ba ruwansa da lantarki, ba ya ƙara, zafi da ƙura ba sa hana shi aiki. Matsalarsa ƙarewa. Babban tulu mai ɗaukar lita 6,800, a lita 2 a minti, awa 56 zai yi, kwana biyu da 'yan awoyi in ba a rufe ba. Daga nan sai neman mota, sai neman inda ake cikawa, kuma mutum ɗaya ba ya ɗaga shi. Ga na kwana biyu bayan sallama daga asibiti, ko na ko-ta-kwana, tulu ya fi. Amma a tabbatar na asibiti ne, ba wanda ya fito daga wurin masu walda ba, kuma a sayi kansa mai agogo da ma'aunin lita tare, a gwada ba ya yoyo.

Inji kuwa, wanda ake ce wa konsantirata, iskar ɗaki yake zuƙa. Iskar da muke shaƙa kashi 21 ne oksijin, sai ya tace sauran ya fitar da kusan kashi 90 zuwa 95. Ba ya ƙarewa muddin akwai wuta. To, wuta. Mai lita 5 yana cin wat 300 zuwa 400. Na ɗauka sai ya kwana ya wuni a kunne, sai na ga binciken da aka yi a Suwidin aka wallafa a 2024: mutum 241 masu ƙarancin oksijin mai tsanani, rabi aka ce su yi awa 24 a rana, rabi awa 15. Bayan shekara ba a ga bambanci a mutuwa ko kwanciya asibiti ba. Wannan ya sauƙaƙa mana lissafi ƙwarai. Awa 15 ana iya haɗa su daga dare da lokacin hutu, Gwaggo ta fita tsakar gida, ta je suna, ba a ɗaure ta da roba ba. Inji mai wat 350 a awa 15 kilowat-awa biyar da kwata ne a rana. Da wannan adadi za ka je wa mai haɗa sola ko mai sayar da janareta, gurup kamar yadda muke cewa, kada ka bari ya yi maka kintace. Ƙaramar sola ta fitila da cajin waya ba ta ɗaukarsa. Babba kuwa tana yi: a Yuganda an saka wa ƙananan asibitoci 20 injin oksijin mai aiki da hasken rana, sakamakon da ya fito a 2024 ya nuna mutuwar yara masu ƙarancin oksijin a kwana biyun farko ta ragu kusan da rabi. Mu dai inji muka ɗauka, da na'urar daidaita wuta, da ƙaramin tulu a bayan ƙofa saboda ɗaukewar wuta.

Wurin zaɓen injin ne aka fi asara. Akwai 'yan ƙanana masu kyan gani da araha, an rubuta lita 1 zuwa 7 a jikinsu. Ka duba takardar ciki: kashi 90 ɗin a lita 1 ne kawai, in ka murɗa zuwa ƙarshe sai ya sauko wajen kashi 30, kusan iskar ɗaki. Injin kirki yana riƙe ƙarfinsa har lita 5, yana da ƙararrawa da ke kuka in tsarkin ya sauka ƙasa da kashi 82, kuma nauyinsa ya isa a sa masa taya. Ka ce wa mai shago ya auna tsarkin a gabanka, injin yana kan lita 5. Wani da na tambaya ya ce, "Malam, sabo ne dal, ai ba sai an gwada ba." Na yi masa godiya na fita. In na gwanjo ne, yana da agogon da ke ƙirga awoyin da ya yi aiki, ka karanta, ka kuma duba kada ya zama mai volt 110 na Amurka, wutarmu 220 ce. Ka tambayi inda ake samun matacinsa da wanda zai gyara shi a Garwa ko Marwa, don aika inji Duwala gyara mako nawa ne mai ciwo ba iska.

Yawancinsu an ƙera su su yi aiki har zafin digiri 35 ko 40, mu kuwa a Maris da Afrilu muna wuce 40. A ajiye shi a ɗaki mafi sanyi, a matsar da shi daga bango da labule. Soson da ke bayansa takarda ta ce a wanke mako-mako, da hunturu ni duk kwana biyu nake ciro na Gwaggo, ja wur da ƙura. Abin da ya fi ba mu wuya shi ne raba ta da kaskon turaren wuta. Oksijin yana rura wuta fiye da yadda ake zato: ba garwashi, ba taba, ba maganin sauro na kunnawa a ɗakin, ba a shafa Vaseline a hanci inda robar ke zama.

Ga mai asma, mutane nebulaiza suke so, na'urar da ke mayar da maganin ruwa tururi a shaƙa, don tana ƙara tana fitar da hayaƙi, sai a ga kamar ta fi aiki. Nazarin Cochrane, ƙungiyar masu tace binciken lafiya, da ya tattara gwaje-gwaje da yawa bai ga ta fi maganin fesawa ba idan an haɗa shi da mazurarin da ake sawa tsakaninsa da baki. Tun 1999 Farfesa Heather Zar ta nuna a birnin Kef na Afirka ta Kudu cewa gorar roba mai rabin lita, in aka huda gindinta daidai bakin maganin aka toshe gefen, tana yi wa yara aikin na kanti. Fesa ɗaya, a ja numfashi huɗu zuwa shida, sannan na gaba. Ba wuta, ba wanke bututu. Kuɗin nebulaiza gara a sa su a maganin rigakafin tashin ciwon. Tun 2019 ƙungiyar GINA, mai fitar da ƙa'idar maganin asma ta duniya, ta daina yarda babba ya dogara da Ventoline, maganin fesawa mai buɗe ƙirji, kaɗai, sai da maganin shaƙa mai kwantar da kumburi, irin su budesonide. Injin CPAP kuwa na masu ɗaukewar numfashi a barci ne, ba a sayensa sai bayan gwajin barci, ba kuma madadin oksijin ba ne.

Saura Baba. Abin da aka ba shi ba a shago yake ba: atisayen huhu. Da farko kowa a gidan ya ƙi, don mu in mutum yana haki cewa muke ya kwanta. Ashe kwanciyar ce ke cinye naman ƙafa, ƙafa mara ƙarfi kuma ta fi cin oksijin, sai hakin ya ƙaru, sai a ƙara kwanciya. Nazarin Cochrane na 2015 ya haɗa gwaje-gwaje 65 a kan masu BPCO, ya tarar atisaye yana rage haki da gajiya, yana ƙara nisan tafiya. A asibitin Mulago na Kampala an gwada shi a kan irin su Baba, waɗanda suka warke daga tarin fuka suka rage da tabo: mako shida, sau biyu a mako, ba wasu injina, tafiyarsu ta ƙaru, ciwon ƙirji ya ragu. A Ostireliya kuma a 2017 an nuna cewa na gida, da ziyara ɗaya da kiran waya mako-mako har mako takwas, ya yi daidai da na asibiti a ƙarshen shirin.

Malamar motsa jiki ta asibiti ta auna nisan da Baba yake yi a minti shida, ta koya masa jan iska ta hanci da fitar da ita a hankali ta tsukakken baki, kamar mai hura koko mai zafi. Ta ce ya yi tafiya kullum har ya ji haki matsakaici, wanda zai iya magana a cikinsa, ya huta, ya ci gaba. Tashi da zama daga kujera sau goma. Gorar ruwa biyu cike da yashi don hannuwa. Da hunturu sai ƙura ta lafa, ko a zaure, da takunkumi a hanci. Ta ce in hakin ya taso ya sunkuya ya dafa gwiwa a yi masa fifita a fuska. Na ɗauka lallashi ne, sai na ga an gwada ƙaramar fankar hannu a Kembirij ta Ingila a 2010, iska a fuska ta rage jin haki.

Kayan da muka saya masa duka-duka ma'aunin yatsa ne, da takalmi mai taushi, da 'yar fanka mai caji. A mako na bakwai na biyo shi a baya zuwa sallar la'asar ina ƙirga taku. Ya wuce katangar farko bai dafa ba. A ta biyu ya tsaya, ya tsuke baki ya fitar da iska sau uku, ya gyara hularsa, ya shiga sahu kafin a tayar da iƙama.