Hedifon ɗin Beats: sauti muke saya ko sunan Dr. Dre?

Jama'a tun ranar da aka fara ganina da hedifon ɗin nan mai harafin b a gefen kunne mutane suke ta tambayata, wai nawa na saya, wai ya sautinsa yake, wani ma cewa ya yi in na gaji da shi in tuna da shi. To bari in yi bayani gaba ɗaya kowa ya huta. Na farko dai ba saya na yi ba, yayana da ke karatu a Amurka ne ya aiko min ta hannun wani abokinsa da ya zo hutu, Beats Studio Pro ne wanda ya fito a 2023, kuma yau wata bakwai kenan kusan kullum yana kaina saboda sana'ata haɗa bidiyon biki da gyaran murya ce, kunnena shi ne jarina. Kaya ne mai kyau, wannan ba zan ɓoye ba. Amma in da kuɗin aljihuna ne, a kan dala 350 da suka sa masa, wallahi ba zan saya ba.

Ku yi lissafin da kanku. Ko da a ce dala ɗaya naira 1,500 ce, dala 350 ta kama naira 525,000 kenan, ba a sa kuɗin kawowa ba, ba a sa ribar ɗan kasuwa ba. Mafi ƙarancin albashi da aka amince da shi a Najeriya a 2024 naira 70,000 ne, wato ma'aikaci sai ya haɗa albashin wata bakwai da rabi bai ci ba bai sha ba kafin ya rataya abin nan a wuya. Abin da ya kai wannan kuɗin dole a tambaye shi me ya ƙunsa.

Ni abin da ya fi damuna shi ne yadda matasanmu suka ɗauka Dr. Dre ne ya zauna ya ƙera shi da hannunsa. Dr. Dre gwani ne a harkar haɗa kiɗa, babu mai musun wannan, shi ya tsaya wa irin su Snoop Dogg da Eminem da 50 Cent, amma ba injiniyan lasifika ba ne. Shi da Jimmy Iovine, shugaban kamfanin waƙa na Interscope a lokacin, suka kafa Beats a 2006, na farko da suka fitar a 2008 kuwa wani kamfani ne mai suna Monster, wanda aka fi sani da sayar da wayoyin haɗa kayan sauti, shi ya riƙa ƙera musu har zuwa 2012 da suka rabu, rabuwar ma ba ta yi daɗi ba don har kotu mai Monster ɗin ya kai su daga baya. A 2011 kamfanin waya na HTC ya sayi fiye da rabin hannun jari a kan kusan dala miliyan 300, daga baya ya sayar ya fita, sai a 2014 Apple ya saye Beats ɗungurungum a kan dala biliyan 3. Saboda haka wanda ke kaina yanzu kayan Apple ne, sunan mawaƙin ne kawai ya rage a jiki.

Kuma gaskiya a fannin talla dole a sara musu. Ba su tsaya cika mutane da bayanin yadda lasifikar ciki take ba, kawai rataya wa manya suka yi. A gasar Olamfik ta Beijing a 2008 LeBron James da 'yan ƙwallon kwandon Amurka da shi suka sauka, kyamarori suka ɗauka duniya ta gani. Bidiyon waƙoƙin mawaƙan Interscope kuwa kusan duk wanda ka kunna a shekarun nan sai ka hango harafin b ko a kunne ko a wuya. Lokacin gasar cin kofin duniya a Brazil a 2014 FIFA ta hana 'yan wasa sa shi a filin wasa saboda Sony, wanda shi ma yana yin hedifon, yana cikin masu ɗaukar nauyin gasar, amma hanin sai ya zama wani tallan, ga Neymar a babban tallansu na lokacin, mu da muke gidan kallon ƙwallo muna ganin 'yan wasa suna saukowa daga mota kowa da nasa, nan ne sha'awar abin ta shige mu, ni kaina a nan ta shige ni. Duk wannan tallan kuɗi ne, kuma ba daga aljihun Dr. Dre yake fitowa ba, yana cikin dala 350 ɗin nan da mai saye zai biya.

To bari in faɗi alherinsa tunda hakki ne. Batirinsa yana da ƙarko sosai, kamfanin ya ce awa 40 in ba ka kunna abin toshe hayaniya ba, awa 24 in ka kunna, kuma abin da na gani bai yi nisa da haka ba, a garin da wuta sai ta ga dama wannan ba ƙaramin abu ba ne, cajin minti 10 yana ba ka wajen awa 4, sau da yawa kafin a ɗauke wutar nan da aka kawo na ɗan lokaci ya riga ya samu abin da zai kai ni dare. Bakin cajinsa USB-C ne irin na wayoyin yanzu, ba kamar samfurinsu na baya, Studio3 na 2017, mai tsohon ƙaramin baki ba, kuma ta wannan bakin za ka iya jona shi da kwamfuta ka ji sauti kai tsaye ba tare da Bluetooth ya rage masa komai ba, sai dai in ka jona ta nan toshe hayaniyar ba ya aiki, haka aka yi shi. Akwai kuma ramin jona wayar sauti irin na da, wanda ni a wajen aiki shi na fi amfani da shi don kar murya ta riƙa makara a bayan hoto. Yana haɗuwa da iPhone da Android cikin sauƙi, yana naɗewa ya shige ƙaramar jaka. Ƙarar janareta irin mai gurnani ɗin nan yana rage ta sosai, amma hon ɗin adaidaita sahu ko kukan yaro a kusa da kai za ka ji abinka, kuma wannan haka duk irinsu suke, ƙara mai tafiya bai ɗaya suka fi iya kashewa.

Maganar sauti kuma a nan nake so in ɗan daɗe. Beats na farko-farko an san su da cika bes, dum dum ɗin nan da ke girgiza kai, shi ne ma abin da ya sayar da su, saboda in ka sa a shago na minti biyu sai ka ji kamar an buɗe maka wata duniya. Amma bes in ya yi yawa danne tsakiyar sauti yake, kuma a tsakiyar nan muryar mutum take zaune. Tun da Apple ya karɓa sun rage wannan ɗabi'ar sosai, wannan nawa bes ɗinsa da hankali, sama-saman sautin ma a buɗe yake, wanda ya san tsofaffin zai yi mamaki. Sai dai mu tambayi kanmu me muke saurare. Yawancinmu karatun Alƙur'ani ne da tafsiri da labaran rediyo da saƙon murya na WhatsApp, sai waƙoƙinmu, kuma kiɗanmu na gargajiya irin kalangu da kukuma da garaya da sarewa daɗinsu ba a ƙasa can yake ba, a lanƙwasar sauti yake da yadda muryar mawaƙi ke hawa da sauka tare da 'yan amshi. Duk waɗannan hedifon mai rabin rabin wannan kuɗin zai ba ka su tsaf. Ƙari a kan haka mafi yawan waƙoƙin da ke wayoyinmu an tura su ta Xender ko WhatsApp sau ba adadi, an matse su tun asali, to ko hedifon na dala dubu ka sa ba zai dawo da abin da aka riga aka yanke ba, sai ma ya ƙara tona asirin lalacewar.

Na gwada shi kafaɗa da kafaɗa da wasu. Ogan da ya koya min aiki yana da Sony MDR-7506, tsohon samfuri ne tun 1991 ake yin sa, kuɗinsa bai wuce wajen dala 100 ba, ba shi da Bluetooth ba shi da batir ba shi da wani kyan gani, wayarsa ma murɗaɗɗiya ce kamar ta tsohuwar tarho, amma ku lura da masu ɗaukar sauti a fim da gidajen rediyo a duniya, shi ne a kan da yawansu. In ina neman wata 'yar ƙara da ta ɓuya a bayan muryar amarya ko numfashin mai jawabi, a kunnena shi ya fi nuna min. Akwai Audio-Technica ATH-M50x shi ma wajen dala 150, masu sitidiyo sun san shi. In kuma toshe hayaniya kake so don tafiya, Sony WH-1000XM4 da ya fito a 2020 a kan wannan dala 350 ɗin, ni a wajena ya fi shiru, kuma yana da wani abu da Studio Pro ba shi da shi, in ka cire shi daga kai kiɗan yana tsayawa da kansa. Mai ƙaramin ƙarfi kuwa ya duba Soundcore na kamfanin Anker, akwai na ƙasa da dala 100 masu toshe hayaniya, ba za su kai wannan ba amma tazarar sauti ba ta kai tazarar kuɗin ba ko kusa.

Wani abu da ya ƙara tabbatar min shi ne yadda farashinsa ke faɗuwa. Yayana ya ce lokacin rangwamen ƙarshen shekara ya saya, kusan rabin kuɗi, kuma ba sau ɗaya ake yin irin wannan rangwamen a can ba. A wannan farashin kam ba ni da ta cewa, ciniki ne mai kyau. Amma abin da za a iya zaftare masa rabi kuma a ci riba, kai ma ka san ina sauran rabin yake tafiya.

Sai maganar jabu, wadda ita ce ta fi shafar mu a nan. Shekarun baya, lokacin da sha'awar abin ke cina, na je wani shago a kasuwar 'yan waya na sayi wani da aka rantse min orijina ne ɗan Landan, kwali mai kyau, harafi ja ras, na biya kuɗin da na yi wata biyu ina tarawa. Sati uku kunne ɗaya ya mutu, da mai gyara ya buɗe sai ga 'yar lasifika irin ta rediyon yara an manna da gam. Wannan ba laifin masu asalin kayan ba ne, laifin wanda ya sayar min ne, amma abin lura duk kayan da darajarsa ke jikin tambari shi masu kwafi suka fi so, don buga harafi a roba ba wuya. In mutum ya ce zai ba ka sabo fil a kwali a kan kuɗin da bai kai kashi ɗaya cikin biyar na farashinsa ba, kar ma ka tsaya. In za ka sayi na hannu, ka karɓi lambar jikinsa ka duba a shafin Apple, ka haɗa shi da manhajar Beats in Android ce da kai, duk da haka ma ka sa a kunne ka saurara da kyau, ka kuma duba soson kunnen, don zafinmu da gumi suna cinye irin wannan fatar roba a kowane irin hedifon ne, kuma sabon soso sai an nemo.

Ba Dr. Dre kaɗai ya bi wannan hanyar ba. Da aka ga ya samu, 50 Cent ya fito da SMS Audio, Ludacris ya sa sunansa a Soul, yau wa yake maganarsu? A nan gida ma Oraimo, wanda ɗan gidan su Tecno da Infinix da itel ne, ya yi iyafis da sunan 2Baba, daga baya ya ɗauko Burna Boy. Bambancin dai shi ne nasu kuɗin bai fi ƙarfin talaka ba, ko sunan bai ƙara komai ba asarar ba ta da yawa.

Wanda ke da iPhone, yana yawan hawa jirgi ko doguwar tafiyar mota, yana da wani a waje da zai saya masa lokacin rangwame, kuma yana son yadda abin ke zama a kai, don kwalliya ma wani abu ce ba zan raina ta ba, to ya saya zai ji daɗinsa. Ɗalibi ko mai koyon haɗa kiɗa da yake tara kuɗi don ya ji an ce da shi manya ke aiki, ƙanena ka ajiye wannan tunanin, ka sayi mai waya na dala 100, sauran kuɗin ka sayi makirfo mai kyau da ƙaramin batirin ajiye wuta. Nawa dai yana nan ina amfani da shi, kyautar yayana ce kuma ina jin daɗinsa a hanya, amma duk aikin da zan miƙa wa mai biki sai na bi ta shagon oga na ari tsohon Sony ɗin nan na sake saurara tukuna.