Along ko Bolt: wanne ya fi wa mai Corolla ɗaya a Abuja?

Malam, ka ce kana zaune a Mararaba, kana aiki a Wuse, kuma kana tunanin ko ka riƙa kwasar fasinja a hanyarka, ko ka ba direba motar ya sa ta a Bolt, manhajar kiran motar haya ta waya, yana kawo maka balas duk mako. A ganina biyun ba abu ɗaya suke nema ba. Na farko rage asara ne, na biyu sana'a ce, kuma sana'a tana son ido.

Kabu-kabun da 'yan Abuja ke kira along ya daɗe, amma tun da aka cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayu, 2023 ya zama ruwan dare. Har mai babbar riga za ka gani ya sauke gilashi a gadar Nyanya yana kiran "AYA, Berger!" Lissafinsa a fili yake: dama can za ka yi tafiyar, man da za ka ƙona ɗaya ne ko kai kaɗai ne ko da mutum huɗu. Abin da suka biya shi ke sayen man, wani lokacin har a samu na juyen baƙin mai. Babu kamasho, babu direba, motar tana kwana a gidanka. Sai dai kada kwaɗayi ya sa ka bi masu cusa huɗu a baya biyu a gaba. Hawan Kugbo cikin cunkoson safe da irin wannan lodin shi zai sada ka da bakanike.

Matsalarsa biyu ce. Motarka ba koren fenti gare ta ba, ba ta da rajistar haya, saboda haka in ka tsaya inda bai dace ba za ka haɗu da jami'ai ko 'yan tasha masu neman kuɗin lodi. Ga kuma 'yan wan-cans, masu ɗaukar fasinja a mota su yi masa fashi, da suka ɓata harkar; fasinja na tsoronka, kai ma kana tsoronsa. Shi ya sa na fi son mutum ya haɗa 'yan unguwa ko abokan aiki huɗu tsayayyu, su riƙa biya duk wata, ya huta da tsayuwa bakin titi.

Manhaja kuwa kuɗinta ya fi kauri, ba musu. Uber ta shigo Abuja a 2016, ga Bolt da a da ake kira Taxify, ga inDrive inda ake ciniki kamar a kasuwar Wuse. Amma kafin kuɗin ya iso hannunka baki uku sun ci: kamfani ya cire kamashonsa a kowace tafiya, gidan mai ya karɓi nasa, direba ya ɗauki na cefane. Motar da ke zuwa Wuse ta dawo, yanzu za ta wuni tana zarya tsakanin Gwarinpa, Lugbe da filin jirgi, da na'urar sanyi a kunne. Taya, burki, baƙin mai, duk wa'adinsu zai ragu. Direban da ya san balas ɗinsa ƙayyadadde ne ba ruwansa da ƙarar da ke fitowa daga ƙasan mota, sai ranar da ta tsaya cak ya kira ka. Kai kuma, kada ka manta, ka koma tsayuwa a bakin titi kana jiran along ɗin wani.

In da motoci biyu gare ka, da na ce ka saki ɗaya, bisa yarjejeniya a rubuce da shaidu, a faɗi wanda gyara ke kansa, a sa na'urar bin diddigi, in da hali a mayar da ita mai amfani da iskar gas ta CNG. Da ɗaya tilo, ka riƙe makullinka. In kana da ƙarfin jiki, yi rajistar manhajar da sunanka, ka fita da kanka ranar Asabar ka gwada.