Hattara da mai sayar da farfelar tsofaffin ƙananan jirage da takardar bogi

Jama'a masu Piper Cub, Aeronca Champ, Taylorcraft da sauran ƙananan jiragen sama na shekarun 1940, ga gargaɗi. Akwai wani mutum da ke bin tallan "ana nema" da muke sawa a intanet yana turo saƙo cewa yana da farfela. Ni ya same ni, kuma ba na so ya sami wani.

Farfelar katakon da ke kan Champ ɗina ce ta fara buɗewa a wurin da aka manne sassan katakon, bakanike ya ce kada ta sake tashi. Na sa cigiya. Kwana biyu sai ga saƙo: farfelar ƙarfe, wai an yi mata gyaran gaba ɗaya, ta dace da injin Continental A-65, ga hotuna, ga hoton takardar 8130-3 ta FAA (hukumar kula da jiragen sama ta Amurka), wadda ke shaida cewa kayan ya dace a tashi da shi. Kuɗin ya yi araha. Ya ce wani na jira, in tura ta hanyar da ba a iya dawo da kuɗi. Na tura.

Kaya sun iso, fenti na ƙyalli. Bakanike ya auna ta, ya ga ta gaza tsawon da aka yarda wa wannan samfurin, wato an datse bakinta. Da aka ɗaura ta aka juya da hannu, fiffike ɗaya bai bi sawun ɗaya ba, bambancin ya wuce 1/16 na inci nesa ba kusa ba. Ƙarƙashin fentin an cike wani rami. Lambar da ke cibiyarta kuwa an goge an sake bugawa. Muka kira wurin gyaran da sunansa ke kan takardar, suka ce ba su taɓa ganin farfelar ba. Mai sayarwa ya daina amsa saƙo.

Asarar kuɗin ta yi mini zafi, amma abin da ya hana ni barci shi ne farfelar ta taɓa bugun ƙasa, wani ya miƙe ta a gareji. Alminiyam da aka lanƙwasa aka miƙar ba bisa ƙa'ida ba yana ɓoye tsaga da ido ba ya gani. A-65 yana juya farfela har sau 2,300 a minti. Idan bakin fiffike ɗaya ya ɓalle a sama, girgizar na iya tumɓuke injin daga mazauninsa kafin hannunka ya kai ga kashe shi. Da ni da wanda na ɗauko a baya za mu hau wannan abin.

Kafin ka biya kowa, buɗe takardar amincewa da samfurin jirginka, a can aka rubuta farfelar da aka yarda da ita, iyakar tsawonta da juyin da injin zai yi idan jirgin na tsaye a ƙasa. Ka kuma san ko sandar injinka da ake ɗaura wa farfela mai tsukakken baki ce ko mai faifai, domin A-65 na zuwa iri biyu. Tambayi mai sayarwa wannan. Ɗan damfara yakan ce "za ta shiga" kawai. Ka sa ya ɗauki sabon hoton lambar cibiya da takarda mai ranar yau a gefe, ka nemi littafin tarihin farfelar. Lambar wayar wurin gyara kuwa ka nemo ta da kanka, kada ka kira wadda ya ba ka.

Masu neman ta katako, ku ma ba ku tsira ba: ana goge farfelar ado ta bango a shafa mata mai a sayar a matsayin ta tashi. Ni dai na koma katako, sabuwar Sensenich 72CK42 daga dillali sananne, ina duba ɗaurin ƙusoshinta duk lokacin da yanayi ya sauya, tunda katako na kumbura da danshi ya motse da bushewa.

Waccan ta ƙarfen kuwa mun kai rahotonta ga FAA a kan fom 8120-11 na kayan da ake zargi, sannan bakanike ya sa zarto ya raba ta biyu don kada ta sake komawa kasuwa. Duk wanda ya sami irin wannan saƙo, ya ajiye hotunan ya kai rahoto.