Na'urar hoton haƙora daga wajen baki: wacce za ka saya?

In kana shirin buɗe ɗakin kula da haƙori, na'urar da ke ɗaukar hoto daga wajen baki iri uku ce a gabanka: fanoramik da ake ce wa OPG, mai nuna duk haƙora a hoto ɗaya, sefalo mai ɗaukar hoton ƙashin kai da fuska daga gefe, sai CBCT mai fitar da hoto mai fuska uku (3D). Ni dai ba ɓoye-ɓoye, fanoramik ta dijital nake so.

Cikin daƙiƙa 10 zuwa 20 hannunta ya gama zagaya kan mara lafiya, sai ga muƙamuƙin sama da na ƙasa a hoto ɗaya, ga gaɓar muƙamuƙi, ga turmin ƙarshe da ya maƙale a ƙashi, kuma radiyeshon ɗinta kaɗan ne in ka gwada da CBCT. Wani ɗan Finlan, Yrjö Paatero, ya kafa tushen fasahar tun shekarun 1940 zuwa 1950, har yau kamfanoni irin su Planmeca da Vatech a kanta suke gini. Amma fa tana da sharaɗi, siririn yanki kawai take fitarwa sarai, mutum ya ɗan matsa gaba ko baya haƙoran gaba sun dushe. Shi ya sa ka nemi mai fitilun lesa na saiti, da wurin ɗora haɓa, da sandar cizo, na'urar kuma ta zama mai sauka ƙasa sosai saboda yara da masu keken guragu. A cire 'yan kunne kafin ɗauka, in ba haka ba inuwarsu za ta fito a ɗaya ɓangaren ta rufe maka abin da kake nema.

Sefalo kuwa in ba gyaran jeren haƙora kake yi ba, kar ka wahalar da kanka. CBCT tana da kyau ga mai dashen haƙori, amma tsadarta da nauyin karanta hoton ba na mai farawa ba ne.

Inda ake cutar mutane shi ne na'ura ta hannu, wato wadda aka taɓa amfani da ita. Wani dillali ya taɓa kawo mana wata an goge ta fes, sai da aka haɗa muka gane sofwayarta a kulle take, lasisin yana sunan wani asibiti daban, wallahi ƙarfe kawai muka ajiye. Don haka kar ka biya sai ka ga ta ɗauki hoto a gabanka, ka duba lambar jikinta ta yi daidai da takarda, ka tambayi yawan hotunan da kan bututun, wato ɓangaren da ke fitar da radiyeshon, ya ɗauka, ka tabbata hoto na fita a tsarin DICOM, wato tsarin bai ɗaya na ajiye hotunan asibiti. Ka kalli hoton gwaji da kyau, in ka ga farin layi ya ratsa shi a wuri ɗaya kullum, sensar da ke kama hoton ce ta fara mutuwa, kuma canza ta ba ƙaramin kuɗi ba ne. Garanti na baki ba garanti ba ne, a rubuta, tare da sunan injiniyan da zai zo in ta tsaya.