Madubin hangen nesa mai lamba 8x42: wata uku ina yawo da shi a bakin kududdufi

Likita ne ya ɗora mini tattaki saboda hawan jini, ni kuma tafiya ba dalili tana gundurata. Ƙanena da ke Kano ya ce in sayi madubin hangen nesa in riƙa kallon tsuntsaye, ƙafa za ta tafi ban sani ba. Na saya a farkon Disamba, kuɗinsa ya kusa na buhun shinkafa, har uwargida ta yi kwana biyu tana yi mini gori. Yanzu ga shi mun shiga Maris, kusan kullum yana wuyana bayan sallar asuba, daga kududdufin bayan unguwarmu a Haɗeja zuwa bakin fadama.

Lambar da ke jikinsa tana da ma'ana. Takwas ɗin na nufin yana kusanto da abu sau takwas, 42 kuma faɗin gilashin gaba ne a milimita. Mai shagon ya so ya tura mini 10x50, wai ya fi ƙarfi. Na ɗaga shi na ga komai na rawa, don gwargwadon ƙarfin madubi gwargwadon yadda yake nuna rawar hannu, ga nauyi kuma. Mai shekaru irin nawa, takwas ta ishe shi. Faɗin gilashin nan shi ke tara haske, shi ya sa tun kafin rana ta fito nake iya bambance zalɓe da balbela a tsallaken ruwa.

Kwana uku na farko haushi kawai na sha, ido ɗaya garau, ɗaya dishi-dishi. Ashe akwai wani zobe a wajen idon dama da ake murzawa sau ɗaya a daidaita bambancin idanu biyu, sannan a koma ga ƙugiyar tsakiya, wato abin murzawar da ke tsakanin idanu biyun, wanda ke fito da abin da ake kallo garau. Mai sa tabarau irina kuma sai ya murɗa robar bakin idon ta koma ƙasa, in ba haka ba kamar ta cikin bututu yake leƙe. Ba wanda ya gaya mini, takardar cikin kwalin ma rubutun ya yi ƙanana.

Da ya daidaitu ne na gane shekara da shekaru ina wuce baƙi ban gaishe su ba. Kowa ya san shamuwa, tana zuwa da damina ta tafi in ruwa ya ɗauke. Amma da ta tafi wasu ke sauka, daga Turai, suna gudun sanyin can su yi hunturu a nan. Akwai wani ɗan tsuntsu mai ruwan ɗorawa a ciki da ke bin ƙafafun shanu yana kaɗa jela sama da ƙasa, yana cafke ƙwarin da kofato ya tayar. Nauyinsa bai kai giram 20 ba, kuma Sahara ya ƙetaro. Na tsaya kansa wata safiya kusan rabin awa, har ina ganin farin layin gefen jelarsa da ƙurar da ke tashi in saniya ta taka kusa da shi, ko gezau.

A Fabrairu kuma na ga wasu ƙananan agwagi cikin garken kirinjijiya, namijin da farin zane daga saman ido zuwa ƙeya kamar an ja da alli. Manhajar Merlin ta jami'ar Cornell, wadda kyauta ake saukewa a waya, ita ta nuna mini Turawa na kiransu garganey. Dausayin Haɗeja da Nguru na cikin manyan zangonsu a Afirka ta Yamma, to ba mamaki 'yan kaɗan su ratso kududdufinmu. Wani masunci da na ba shi ya leƙa ya yi dariya ya ce, “Malam, ai waɗannan duk shekara suna nan, kai ne dai yau ka zo.”

Ba tsuntsaye kaɗai ba. Guza na nan yana shan hantsi a kan wani kututture, ina ganin harshensa mai reshe biyu yana fita yana komawa, alhali da ido sai in ce itace ne.

Aibinsa kuwa, ƙura ce abokiyar gabarsa. Murafun gilashin sakwaf suke, ɗaya ya faɗa ruwa tun makon farko. Ƙugiyar tsakiya ta fara ƙarar yashi a wata na biyu, duk da an rubuta a kwali cewa ƙura ba ta shigarsa. Igiyar wuyan siririya ce, tana cin fata, sai da na kai wa baduku ya ɗinka mini mai faɗi. Laifina guda: na goge gilashin da bakin riga ranar da aka yi hazo, ya bar ɗan ƙarce. A fara hurewa tukuna, sannan a shafa da tsumman da ya zo da shi. In kuma hazo ya yi kauri a bar shi a gida, domin hazon ma sau takwas yake kusantowa.

Abu ɗaya da mai shago ba zai faɗa maka ba: a wannan zamani mutum da irin wannan na'ura a wuya abin zargi ne. 'Yan sintirin unguwa sun tare ni sau ɗaya, “Baba, me ake hange?” Na miƙa wa babbansu, na saita masa kan wata dinya. Tun daga ranar na je na sanar da mai unguwa, kuma ba na juya shi wajen gidajen mutane ko inda mata ke wanki.

Zan sake sayen irinsa, amma wanda murafunsa ke ɗaure a jiki. Baƙin sun fara raguwa, jiya agwagwa huɗu kacal na ƙirga.